Muna son ɗaukar yaro riƙo: mun cika sharuɗɗa kuwa?

Wata baiwar Allah daga unguwar Zariya, nan cikin Maradi, ta aiko da wannan tambaya: "Shekararmu 12 da aure, Allah bai ba ni haihuwa ba. Ina da shekara 34, maigida 46, kuma yana da ɗiya guda da matarsa ta fari, tana wajen uwarta. Mun yi shawarar mu ɗauki jariri mu raina, ko maraya a dangi ko irin waɗanda ake tsinta. Wata ta ce sai mun shekara goma da aure, wata ta ce addini ya hana sam, wata kuma ta ce akwai yadda za a yi a rubuta sunana a takardar haihuwa kamar ni na haifa. Wace ce ta faɗi gaskiya?"

Malama, Allah ya saka da alheri a kan wannan niyya. Ta farko ta faɗi gaskiya, amma rabinta. Ta biyu ta haɗa abu biyu ta yi musu hukunci ɗaya. Ta uku kuwa hanyar gidan kaso take nuna miki, ko ta sani ko ba ta sani ba.

Da Hausa mukan ce "ɗaukar yaro" a dunƙule, alhali ƙofa biyu ce. Akwai riƙo, wanda malamai ke kira kafala: ki ɗauki yaro, ci da sha da sutura da karatu da tarbiyya duk a wuyanku, amma sunan ubansa da danginsa suna nan yadda suke. Akwai kuma mayar da ɗan wani naka a takarda, wanda malamai ke kira tabanni, dokar boko kuma take kira adoption. Sharuɗɗan da kika ji na shekara goma na ƙofa ta biyu ne. Hanin da kika ji shi ma a kanta ya sauka, bai taɓa riƙo ba.

Nijar ba ta da kundin dokar iyali na kanta. An sha yunƙurin yin sa, ba a kai ga nasara ba. Don haka kotu da ƙafa biyu take tafiya a sha'anin aure, saki, nasaba da gado: al'adar masu shari'a, wadda ga Bahaushen Maradi ta cuɗe da fiƙihun Malikiyya, sai kuma Code civil, kundin dokar boko da aka gada daga Faransa. Maganar adoption tana cikin wannan kundi na biyu, daga aya ta 343. Ayar farko ta ce ba a yin sa sai da dalili na ƙwarai kuma sai in yaron ne zai amfana. Ki lura, ba ta ce in ma'auratan za su amfana ba. Aya ta 344 ta kawo shekaru. Mutum ɗaya, namiji ko mace, sai ya haura shekara 40. Miji da mata in za su nema tare, sai aurensu ya wuce shekara 10, ba su rabu ba, ɗayansu aƙalla ya haura 35, kuma ba su haihu ba. Ranar da za a yi hukuncin, kada mai neman ya kasance yana da ɗa ko jika na sunna. Sai ya girmi yaron da shekara 15, in kuma agola ne, wato ɗan mijinki ko ɗan matarka, shekara 10 ta isa. Mai aure ba ya yi sai da yardar abokin zamansa. Iyayen yaro in suna raye sai sun amince, in babu su sai majalisar dangi ko hukumar da yaron ke hannunta.

Shi ma iri biyu ne. A wanda ake kira adoption simple, yaro bai fita daga danginsa ba, amma yakan ɗauki sunan wanda ya ɗauke shi, yana da haƙƙin gado a dukiyarsa, kuma kotu na iya warware shi in an sami babban dalili. Ɗayan, légitimation adoptive, na yaron da bai kai shekara 5 ba ne, wanda aka yar, ko ba a san iyayensa ba, ko sun rasu. Miji da mata kaɗai ke neman sa, tare. Shi yana yanke yaro daga dangin asali, ya mai da shi kamar ɗan cikinku, kuma ba a komawa baya.

To mu auna gidanku a kai. Shekara 12 ta wuce 10. Maigida ya haura 35. Ratar shekaru tsakaninku da jariri ba abin magana ba ce. Inda aka tsaya shi ne ɗiyarsa. Ɗiyar sunna ce, kuma zamanta a wajen uwarta bai cire ta daga lissafi ba. A rubutun doka wannan ya rufe muku neman tare. Ke kaɗai kuma sai kin haura 40. Haka abin yake ga duk mai mata biyu da ya haihu da ɗaya yake son ɗauko wa wadda ba ta haihu ba. Kada ku yi tunanin ɓoye ɗiyar: takardar haihuwarta na ɗauke da sunansa, kuma ranar rabon gado ita ko danginta za su fito da maganar, a rushe abin da aka gina a kan ƙarya.

Ni dai a ganina ba ku yi asarar komai ba. Ko da ƙofar a buɗe take, ga gidan Musulmi a Maradi ba ita zan nuna ba. Aya ta 4 da ta 5 na Suratul Ahzab sun sauka ne a kan wannan. Zaidu ɗan Harisa, da ake kira Zaidu ɗan Muhammadu, aka mayar masa da sunan ubansa. Ban da hukuncin addini, akwai kuma abin da ke faruwa a zahiri: ranar da mai gida ya kwanta dama, ƴan'uwansa a gaban malami za su zauna a raba bisa shari'a, yaron ya fito da hukuncin kotu, su su fito da aya. Shekaru ake yi ana wannan jan, kuma yaron ne ke shan gori a tsakiya.

Riƙo ba shi da sharaɗin shekara 10, ba shi da na rashin haihuwa. Abin da malaman Malikiyya suka lissafa ga mai renon yaro shi ne hankali, amana, iya ɗawainiyar, wurin zama amintacce, iya tattalin dukiya, da rashin wata cuta mai yaɗuwa da za ta cutar da yaron. Namiji kuma sai yana da macen da za ta kula da shi a gidan. Amma riƙon baka, irin na "ga shi nan na ba ki duniya da lahira", bai isa ba a wannan zamani. Ranar sa shi makaranta, ranar neman fasfo, ranar karɓar fanshon ubansa, ranar da wani kawu ya tashi da rigima, takarda za a tambaya. Abin da za ku nema shi ne riƙo mai takardar alƙali, kuma hanyar samun sa ta danganta da inda yaron ya fito.

In maraya ne a dangi, tambayar farko: uwarsa fa? Mu kan ce maraya da zarar uba ya rasu, sai dangin uba su zauna su yanke wanda zai ɗauka, uwar tana ɗaki tana takaba ba a ko leƙa ta ba. A Malikiyya ita ce kan gaba a haƙƙin reno, bayanta kakar wajen uwa, sannan ƴar'uwar uwa, kafin a zo ɓangaren uba. Duk wadda ke gabanki a wannan layi sai ta sauka da bakinta, a gaban shaidu. Yardar da aka karɓa ranar sadakar uku, mace na cikin ɗimuwa, ita ce wadda ake dawowa a janye bayan wata shida. Ku bari ta fita takaba, ta natsu. Daga nan a nemi takardar shaidar rasuwa da takardar haihuwar yaron, a yi zaman dangi da mutanen ɓangare biyu, a rubuta wanda aka ba riƙon da wanda zai kula da dukiyar yaron, a kai kotu ta tabbatar. A cikin gari babbar kotun Maradi ce, in a Tasawa ko Madarunfa ko Gidan Rumji dangin suke, kotun can. Yaron da iyayensa biyu ke raye kuwa, kamar ƙanwarki ta ba ki nata, sai uban ya sa hannu shi ma, ba uwar kaɗai ba. A faɗa a fili tun ranar: na ɗan lokaci ne ko har girma, wa zai biya karatu, kuma in mace ce wa zai aurar.

Jaririn da aka tsinta nasa daban ne. A fiƙihu ɗaukarsa farilla ce a kan jama'a, in wani ya yi ya ɗauke wa saura. Amma a tsarin hukuma wanda ya tsinta bai zama mai shi ba. Ana sanar da mai unguwa da ƴan sanda ko jandarma, a kai shi asibiti, labari ya je wa mai gabatar da ƙara na gwamnati da alƙalin yara, wanda dokar 2014 kan kotunan yara ta ba ikon sanya yaron da ke cikin haɗari a hannun wani. Ma'aikatar jiha mai kula da kare yara ita ke bin lamarin, ita ke yin bincike a kan gidan da za a ba. Saboda haka ba ranar da kuka ji an tsinci jariri a bakin kwalbati za ku ruga ba. Ku kai buƙatarku wannan ma'aikata tun yanzu, a san da ku, a bincike ku, in an samu a kira ku.

Takardar farko da alƙalin yara zai ba ku ta wucin gadi ce, kuma wannan kalma ki riƙe ta da kyau. Ana ci gaba da neman iyayen. Sau da yawa uwar yarinya ce ƙarama da tsoro ya sa ta yar, kuma ba abin mamaki ba ne bayan kwanaki kakanni su bayyana su ce jininsu ne. In alƙali ya ga za su iya, zai mayar musu, ko da kun yi ragon suna, ko da goyon ya saba da bayanki. Wanda zuciyarsa ba za ta ɗauki wannan ba, ya fi masa ya nemi maraya a dangi.

Takardun da akan nema ba su da wuyar ganewa: buƙata a rubuce da hannun ku biyu, takardar aure, takardun haihuwarku da na zama ɗan ƙasa, takardar shaidar mazauni, takardar kotu mai nuna ba a taɓa ɗaure mutum ba, takardar likita a kan lafiyarku, da abin da ke nuna samunku, takardar albashi ga ma'aikaci, shaidar sana'a ga ɗan kasuwa. Masu bin hanyar adoption akan ƙara musu da takardar likita a kan rashin haihuwa. Inda ake tuntuɓe shi ne takardar aure. Auren da aka ɗaura a ƙofar gida da goro da dabino, ba a kai ma'aikatar magajin gari ba, a idon takarda bai da ranar farawa. Sai an koma kotu da shaidun ɗaurin auren an yi hukuncin tabbatar da shi, kuma a kula shekarar gaskiya ce aka rubuta, ba shekarar da aka je neman takardar ba. Na biyu, saɓanin suna: Mahamadu a wannan takarda, Mamman a waccan, ko shekarun haihuwa biyu ga mutum ɗaya. A gyara kafin a kai. Na uku, takardar rashin ɗauri wata 3 take yi ta mutu, kuma a kotun inda aka haifi mutum ake karɓarta. Ita za ku nema daga ƙarshe, in sauran sun haɗu, don kada ta mutu a hannunku kuna jiran wata.

Binciken gida shi ne ainihin jarrabawar, ya fi kowace takarda nauyi. Ma'aikaciya za ta shigo, ta zauna a tabarma, idonta na yawo. Ina jaririn zai kwana, akwai gidan sauro? Randar ruwa a rufe take? Rijiya ko ramin makewayi a buɗe? Murhu a ina yake da inda yaro zai yi rarrafe? In kin tafi aiki ko kasuwa wa zai riƙe shi? Ba gidan siminti take nema ba. Ɗakin ƙasa mai tsabta da abinci kullum ya fi bene mai rigima. Tana iya jin ta bakin kowannenku shi kaɗai, ta ji ta maƙwabta da mai unguwa. Abu biyu ke kayar da mutane a nan. Ɗaya, mijin da ya ce "ai ita ke so, ni ban hana ba." Wannan ba yarda ba ce, kau da kai ne, kuma mai binciken da ta san aikinta za ta rubuta shi haka. Biyu, matar da aka tambaya me ya sa take son mace mai shekara bakwai ta ce don ta riƙa taya ta aiki da talla. Wannan ƴar aiki take nema, ba ɗiya ba, kuma abin da ya ɓata sunan riƙo a ƙasar Hausa ke nan.

Sai shawarar ta ukun. Rubuta mace a matsayin uwar jaririn da ba ta haifa ba laifi ne a dokar hukunta laifuka ta Nijar, sunansa supposition d'enfant, hukuncinsa ɗauri, kuma yana hawa kan matar, da mijin, da ungozomar da ta ba da takardar ƙarya, da wanda ya haɗa su. Ba labarin kanzon kurege ba ne. A 2014 aka buɗe shari'ar jariran da aka shigo da su daga Nijeriya, ta haɗa da manyan mutane da matansu a Yamai, kuma a 2017 aka yanke wa da dama ɗauri. In kuɗi ya shiga tsakani, an faɗa ƙarƙashin dokar 2010 ta yaƙi da fataucin mutane. Duk wanda ya ce miki "kawo kaza in samo miki jariri, ba wanda zai ji", ki tashi daga wurin. Ba a sayen yaro, kuma wanda aka ce uwarsa ta bayar da son ranta, wataƙila tana can tana nemansa. Haka in jaririn dangi ne daga Jibiya ko Katsina: a yi takardun can tukuna, don wanda aka tare a iyakar Ɗan Isa da jinjirin da ba nasa ba, ba takarda, bayaninsa zai yi tsawo.

Hanyar gaskiya ba ta hana yaro takarda. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a bayyana haihuwa, in ya wuce sai ta hannun alƙali. Ɗan tsintuwa ana yi masa tasa, kuma jaririn da aka tsinta a ƙasar nan ba a san iyayensa ba ɗan Nijar ne. Abin da ke damun mutane shi ne gurbin sunan uba, tunda a nan sunan mutum a takarda nasa ne haɗe da na mahaifinsa. Ayar Ahzab ta ce in ba ku san ubanninsu ba, ƴan'uwanku ne a addini. Malamai da yawa suna ba da shawarar a haɗa masa da suna na gama-gari irin Abdullahi ko Abdurrahman, wanda ba ya jingina shi ga wani mutum takamaimai. Ki kira shi ɗana, ya kira ki Inna ko Mama, babu laifi. Annabi (SAW) ya kira Anas "ya ƙaramin ɗana". Abin da aka hana shi ne canza nasaba.

Yanzu abin da ya fi ɗaure wa mata kai: in ya girma, muharraminki ne? Riƙo shi kaɗai ba ya sa muharramtaka. Namijin da kika raina in ya balaga baƙo ne gare ki a hukunci, haka ga ɗiyar maigida, har aure ya halatta tsakaninsu. Mace kuma baƙuwa ce ga maigida. Maganin wannan shayarwa ce, kuma shi ya sa shekarun yaron da za ku ɗauka ke da muhimmanci. A Malikiyya duk nonon da ya isa cikin yaro, ko tsotso ɗaya ne, yana haramtawa, muddin a cikin shekara 2 ne ko ɗan abin da ya ɗara da wata ɗaya zuwa biyu, kuma ba a riga an yaye shi ya dogara da abinci ba. Shafi'iyya suna cewa sai sau 5, don haka mai son fita daga saɓani ya cika biyar ɗin, kowanne har yaron ya saki da kansa.

In ke kika shayar, namiji ya zama ɗanki, mace kuma ta haramta ga maigida. Macen da ba ta taɓa haihuwa ba nono na iya zuwa mata in jariri na tsotso akai-akai, sau 8 zuwa 10 a yini da dare, har makonni. Ba kowa yake zo wa ba, kuma sau da yawa ba ya isar yaro shi kaɗai, sai ki bi ta hannun ungozoma ko likita, ban da jiƙe-jiƙen da ba a san ƙarfinsu ba. In bai zo ba, a duba dangi. Namiji ne? Yayarki ko ƙanwarki mai goyo ta shayar da shi, kin zama innarsa. Mace ce? Ƴar'uwar maigida ta shayar, ya zama kawunta, ko matar ɗan'uwansa ta shayar, ya zama baffanta. Gidan da ke da kishiya mai goyo, ita kaɗai ta warware duka biyun, don yaron ya zama ɗan maigida na nono. Kafin a sa jariri a nonon kowa, a gwada mai shayarwar a kan ƙanjamau, a kuma san matsayin jaririn. Gwajin jini na manya ba ya ba da tabbas ga yaro ƙasa da wata 18, nasu daban ne, ana yin sa tun daga sati 6. Sannan a sanar da dangi wa ta shayar, a rubuta a ajiye, saboda shekara ashirin nan gaba ranar neman aure ba wanda zai tuna.

Nono yana haramta aure, ba ya kawo gado. Wannan a ji shi da kyau. Yau in maigida ya rasu, ke kina da ɗaya bisa takwas saboda yana da ɗiya, ɗiyar tana da rabi, ragowar ta bi magadansa na jini. In ke kika riga shi, yana da rabin abin da kika bari, saura na danginki. Ɗan riƙo ba ya cikin ko ɗaya. Hanya biyu aka bar muku. Wasiyya, wadda ba ta wuce sulusi: in bayan biyan bashi da hidimar jana'iza an bar miliyan 3 na sefa, iyakarta miliyan 1, abin da ya haura sai magada sun yarda. A rubuta ta, shaidu biyu adilai su sa hannu, a ajiye kwafi a wajen wanda ba magaji ba. Ta biyu kyauta tun kuna da rai da lafiya, ita ba ta da iyakar sulusi, amma a Malikiyya ba ta tabbata sai an karɓe ta. Mutumin da ya ce "gidan nan na ba wane" ya ci gaba da zama a ciki har ya mutu, magada za su ce ba a karɓa ba, kuma suna da hujja. In fili ne, a juya takardarsa zuwa sunan yaron tun yanzu. Kyautar da aka yi a ciwon ajali kuma hukuncin wasiyya take ɗauka.

In marayan ya zo da nasa, gona ko awaki ko fanshon uba, a ƙidaya a rubuta ranar da ya shigo, kada a zuba cikin jarin gida. Suratun Nisa'i ta yi kashedi mai tsanani a aya ta 10, ta kuma ce a aya ta 6 a kafa shaidu ranar miƙa masa.

Sharaɗin "iya ɗawainiya" kuwa, ga yadda ake auna shi da jinjiri. Wanda ba ya samun nono yana buƙatar madarar jarirai kusan mililita 150 a kan kowane kilo na nauyinsa a yini. Mai kilo 4 ke nan mililita 600, a raba sau 8. A wata 6 na farko zai sha wajen kilo 20 na garin, kusan gwangwani 50 na giram 400. Ki je kanti ki tambayi kuɗin gwangwani ɗaya ki ninka, kafin ki ce kin shirya. Abin da ke faruwa in kuɗi ya yanke a wata na uku shi ne a fara ƙara ruwa don gwangwani ya kai ƙarshen sati, ko a koma koko da madarar shayi, daga nan sai zawo da tamowa, abin da ba sai an yi wa mutumin Maradi bayaninsa ba. Awon da aka fi sabawa da shi shi ne cokalin cikin gwangwani ɗaya, a shafe bakinsa, ga mililita 30 na ruwan da aka tafasa, kuma ƙaramin kofi ya fi kwalba sauƙin wankewa. Ki karɓi katin rigakafinsa, in babu a buɗe sabo, a kuma gwada shi a kan sikila.

Akwai tambayar da ma'aurata ba sa son ji, amma gara a yi ta yau. In auren ya mutu, yaron na wa? Ɗan ciki yana da hukuncinsa sananne. Ɗan riƙo kuwa yakan zama kamar kayan da ba a san mai su ba: miji ya ce ba jininsa ba ne, mace ta koma gidan iyayenta su ce ba su san wannan ba. Ku roƙi a rubuta a takardar alƙali wanda riƙon ke hannunsa da wanda ciyarwa ke kansa. Haka in maigida zai ƙara aure ya samu haihuwa, ko Allah ya ba ki naki, abin da ke faruwa ba sau ɗaya ba. Ku kuma zauna da uwar miji da ƴan'uwansa tun kafin yaron ya shigo. Wanda zai ce tsintacciyar mage ba ta mage, ya faɗa yanzu a ba shi amsa, kada ya ajiye ta sai yaron ya yi wayo.

Ga ƴan'uwa mazauna waje da ke son ɗaukar yaro daga nan su tafi da shi, Nijar ta shiga yarjejeniyar Hague kan ɗaukar yara tsakanin ƙasashe a 2021, lamarin sai ta hannun hukumomin ƙasashen biyu. Takardar riƙo ita kaɗai ba ta ba yaro biza, kuma Faransa ba ta ɗaukar kafala a matsayin adoption.

Shi kansa yaron, a faɗa masa asalinsa da bakinku, da kaɗan-kaɗan, kafin ya shiga makaranta. A unguwa ba a ɓoye irin wannan. In ba ku faɗa ba, wani yaro zai faɗa masa a wajen faɗa, da kalmar da ta fi kowace muni. Mai shekara huɗu ya isa ya ji cewa wata ce ta haife shi, Allah ya kawo shi hannunku kuna murna. Sauran bayani ya biyo girmansa. In maraya ne, a riƙa kai shi gaida kakanninsa da salla. In na tsintuwa ne, ki nemi kwafin rahoton ƴan sanda mai ɗauke da rana da wurin, ki ɗauki hotonsa na kwanakin farko, ki wanke zanen da aka same shi a ciki ki ninke, ki haɗa su da takardar alƙali a ƙasan akwatinki.